Takara da Buri Tsakanin Magabatan Ƙaramar Kwamfuta: Labarin Takardu Uku, 1975 zuwa 1985

GABATARWA

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin takarar da aka yi tsakanin mutanen da suka fitar da kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, daga manyan ɗakunan gwamnati da bankuna da jami'o'i, suka ɗora ta a kan teburin mutum ɗaya. An yi wannan takara ne galibi a ƙasar Amurka, cikin shekaru goma, daga 1975 zuwa 1985, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fafata samari ne da ba su kai shekara talatin da haihuwa ba.

In ana ba da wannan labari, an fi mayar da hankali ga hazaƙa, wato wane ne ya fara ƙera kaza, wane ne ya fara tunanin kaza. To, amma wanda ya natsu ya dubi yadda aka ƙare zai tarar cewa waɗanda suka riga kowa ƙirƙira ba su ne suka kwashe ganima ba. Mutumin da ya ƙera na'urar da ta buɗe kasuwar ya ƙare rayuwarsa yana likitan karkara. Wanda ya rubuta manhajar da ta fara haɗa kan ƙananan kwamfutoci ya rasu da takaici. Kamfanin da ya fara zana fuskar kwamfutar zamani bai ci moriyarta ba. Abin da ya raba gardama a kowane karo shi ne 'yan kalmomi a cikin takardar yarjejeniya, waɗanda ɓangare ɗaya ya san nauyinsu, ɗaya ɓangaren kuwa bai farga ba sai da bakin alƙalami ya bushe. Takardun nan guda uku ne, ta 1975 da ta 1980 da ta 1985, kuma kamfani ɗaya ne, Microsoft, ya sa hannu a dukansu.

YADDA FAGEN YAKE KAFIN A FARA

Har zuwa farkon shekarun 1970, kwamfuta kayan hukuma ce da manyan kamfanoni. Takan cika ɗaki, kuɗinta yakan kai dubban ɗaruruwan daloli, wani lokaci ma miliyoyi, kuma ba ta zama sai a wuri mai sanyi ƙarƙashin kulawar ma'aikata na musamman. Kamfanin IBM ne sarkin wannan kasuwa. Canji ya faro ne a 1971, sa'ad da kamfanin Intel na jihar Kalifoniya ya tattara sashen lissafin kwamfuta gaba ɗaya a kan ƙwaya guda wadda ba ta fi farcen yatsa girma ba. Ƙwayar farko, mai lamba 4004, tana da tiransista kimanin 2,300. A 1974 aka fito da mai lamba 8080, wadda ƙarfinta ya isa a gina ƙaramar kwamfuta a kanta. Manyan kamfanoni sun ga wannan ci gaba, amma ba su ga dalilin da zai sa mutum ɗaya ya buƙaci kwamfuta a gidansa ba. Saboda haka suka bar fagen ga masu sha'awar haɗa rediyo da ɗalibai da ƙananan injiniyoyi.

Kafin a ci gaba, wajibi ne a bambanta abu biyu, domin a kan bambancinsu labarin ya ginu. Akwai na'urar kanta, wato ƙarfe da wayoyi da ƙwayoyi. Akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da ke gaya wa na'urar abin da za ta yi. Wanda ya ƙera na'ura, in zai yi ta biyu sai ya sake sayen kaya, ya sake biyan ma'aikata. Wanda ya rubuta manhaja kuwa, kwafi na biyu da na dubu da na miliyan kusan kyauta suke zo masa. Ke nan duk wanda ya riƙe haƙƙin mallakar manhajar da kowace na'ura ke buƙata ya riƙe rijiyar da dole kowa ya ɗiba. A 1975 mutane ƙalilan ne suka gane haka. Yawancin masu sana'ar suna ɗaukar manhaja tamkar gyara ce da ake ɗora wa wanda ya sayi na'ura.

TAKARDA TA FARKO: ROBERTS DA GATES

Ed Roberts tsohon hafsan sojan sama ne, mai ƙaramin kamfani da ake kira MITS a birnin Albuquerque na jihar New Mexico. Yana sayar da na'urorin lissafi na hannu, sai kamfanin Texas Instruments, wanda ke ƙera ƙwayoyin da ake sa wa irin waɗannan na'urori, ya shigo kasuwar da kansa ya karya farashi. Bashi ya yi wa Roberts katutu, ya yanke shawarar gwada sa'arsa ta ƙarshe da ƙaramar kwamfuta. A watan Janairun 1975 hoton na'urarsa, Altair 8800, ya fito a bangon mujallar Popular Electronics, farashinta dala 397, ana aiko ta a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, sai makunnai da 'yan fitilu, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta riƙe abin da ya wuce haruffa 256. Duk da haka, Roberts da ya sa ran sayar da 'yan ɗaruruwa sai ga dubban masu saye suna aiko da kuɗi.

Cikin waɗanda suka ga mujallar akwai abokai biyu 'yan asalin birnin Seattle: Paul Allen, mai shekara 21, da Bill Gates, mai shekara 19, ɗalibi a Jami'ar Harvard. Suka tuntuɓi Roberts suka ce suna da manhajar harshen BASIC da za ta sa mutum ya iya ba Altair umarni cikin sauƙi. Gaskiyar magana ita ce ba su rubuta ko layi ɗaya ba, kuma ba su taɓa ganin Altair da idonsu ba. Suka duƙufa wajen mako takwas a kan babbar kwamfutar jami'a, wadda Allen ya sa ta kwaikwayi ƙwayar 8080, tare da taimakon wani ɗalibi, Monte Davidoff, da ya rubuta sashen lissafi. A watan Maris Allen ya tafi Albuquerque, aka loda manhajar, ta kuwa yi aiki. Daga nan aka kafa Microsoft.

A watan Yulin 1975 aka sa hannu a yarjejeniya. A zahiri Roberts ne ya ci riba, domin ya sami ikon sayar da BASIC shi kaɗai na shekara goma, an kuma ƙayyade cewa la'adar samarin ba za ta wuce dala 180,000 ba. Amma a cikin takardar akwai sharaɗi ɗaya, cewa MITS zai yi iyakar ƙoƙarinsa wajen tallata manhajar da sayar da lasisinta ga wasu. Gates, wanda mahaifinsa lauya ne, ya san abin da sharaɗin nan yake nufi.

Kafin a kai ga gwada sharaɗin, wata rigima ta ɓullo daga wani gefe. A ranar 5 ga Maris 1975 masu sha'awar na'urori kimanin talatin suka taru a wani gareji a garin Menlo Park na Kalifoniya, suka kafa ƙungiyar Homebrew. Aƙidarsu ita ce ilimin kwamfuta na kowa ne: wanda ya gano wani abu ya kawo a raba. Da kwafin BASIC ya faɗo hannunsu, a kan doguwar takarda mai huji-huji irin wadda ake adana manhaja a lokacin, sai suka yi ta kwafa suna rabawa. A watan Fabrairun 1976 Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda ya ce waɗanda suka biya kuɗin BASIC ba su kai kashi goma cikin ɗari na masu Altair ba, kuma abin da shi da abokansa suka samu bai kai dala biyu a kan kowace sa'ar aiki ba. Ya kira abin da suke yi sata, ƙiri-ƙiri. Wasiƙar ta jawo masa baƙin jini, amma ta nuna inda ya dosa: manhaja haja ce mai zaman kanta. Abin mamaki kuma, kwafin da aka yi ta rabawa shi ya sa BASIC ɗinsa ta zama wadda kowa ya saba da ita.

Da wasu kamfanoni suka fara ƙera kwamfutoci masu gogayya da Altair, suka nemi lasisin BASIC, sai MITS ya ƙi amincewa, tun da ba ya son ƙarfafa abokan hamayyarsa. A 1977 Roberts ya sayar da MITS ga kamfanin Pertec, wanda ya ɗauka cewa ya saye har da manhajar. Microsoft ya ce an saɓa wa sharaɗin iyakar ƙoƙari, aka kai magana gaban alƙalin sasantawa, ya ba Microsoft gaskiya. Tun daga nan samarin suka sami damar sayar da BASIC ga duk wanda suka ga dama. Roberts ya koma jihar Jojiya, ya yi noma, ya karanta likitanci, ya sami digiri a 1986, ya yi ta duba marasa lafiya a wani ƙaramin gari har rasuwarsa a 2010. Gates ya je duba shi a asibiti kwanaki kaɗan kafin ya cika.

MAƘERI DA ƊAN KASUWA

Daga cikin ƙungiyar Homebrew ne kamfanin Apple ya tsiro, kuma a cikinsa an ga halaye biyu da suka yi hannun riga. Steve Wozniak injiniya ne a kamfanin Hewlett-Packard, ya zana kwamfutarsa don ya burge abokansa na ƙungiya, yana raba zanen kyauta, har ma ya miƙa wa kamfanin da yake wa aiki aka ce ba a so. Abokinsa Steve Jobs, wanda ya yi aiki a kamfanin wasanni na Atari, shi ya ga kuɗi a ciki. Tun kafin wannan lokaci an ga alamar bambancinsu. Wozniak ya ce sa'ad da ya taya Jobs zana wani wasa na Atari, an ba shi dala 350 a matsayin rabin ladan aikin, sai bayan shekaru ya ji cewa akwai ƙarin tukuici mai tsoka da ba a gaya masa ba. Jobs ya musanta wannan zance.

Suka kafa Apple ranar 1 ga Afrilun 1976 tare da mutum na uku, Ronald Wayne, wanda ya ji tsoron bashi ya janye cikin mako biyu, ya karɓi dala 800 a madadin kasonsa na kashi goma cikin ɗari. A 1977 suka fito da Apple II, a kan dala 1,298, cikin akwati mai kyan gani wanda mutumin da bai san haɗa waya ba zai iya kunnawa ya yi aiki. Da manhajar lissafin kasuwanci ta VisiCalc ta fito a 1979, akantoci da manajoji suka yi ta sayen Apple II saboda ita kawai. Da aka sayar da hannun jarin kamfanin ga jama'a a Disambar 1980, Jobs ya ƙi ba wasu tsofaffin ma'aikata kaso, Wozniak kuwa ya ɗebi daga nasa ya ba wasu, ya sayar wa wasu da rahusa.

Akwai kuma wanda ya shigo takarar da tsohon haushi. Jack Tramiel haifaffen ƙasar Polan ne, ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya fara da gyaran tafireta kafin ya kafa kamfanin Commodore. Shi ma Texas Instruments ya kusa durƙusar da shi a kasuwar na'urorin lissafi. Darasin da ya ɗauka shi ne kada ya sake dogara da wani wajen samun ƙwaya, don haka a 1976 ya sayi kamfanin MOS Technology, mai ƙera ƙwayar 6502 ta dala 25, wadda ita ce ma a cikin Apple. A 1982 ya fito da Commodore 64 a kan dala 595, ya yi ta zabge farashi har Texas Instruments ya tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya fice daga kasuwar kwamfutocin gida a Oktoban 1983. Tramiel yana cikin 'yan kaɗan da suka fi Gates iya ciniki, gama ya sayi BASIC da kuɗi dunƙule sau ɗaya, ba la'ada, ya sa ta a cikin miliyoyin na'urori. Gates bai manta da wannan ba. Amma a Janairun 1984 Tramiel ya sami saɓani da mai riƙe da jarin kamfanin ya fita, Commodore kuwa ya ruguje a 1994.

TAKARDA TA BIYU: IBM, KILDALL DA GATES

Kowace kwamfuta tana buƙatar uwar manhaja, wato wadda ke kula da faifai da madannai da allon kallo, sauran manhajoji su hau kanta. A ƙarshen shekarun 1970 wadda ta mamaye wannan fanni ita ce CP/M, ta Dokta Gary Kildall, malami a makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa da ke Monterey, wanda ya rubuta ta a 1974. Hikimarsa ita ce ya ware ɗan sashen da ke hulɗa kai tsaye da ƙarfen na'ura, ta yadda in an canza wannan sashe kaɗai manhaja ɗaya za ta yi aiki a kan kwamfutocin kamfanoni dabam-dabam. Shi da matarsa Dorothy McEwen suka kafa kamfanin Digital Research. Kildall da Gates sun san juna, kuma kowa yana cin kasuwarsa: wannan harsuna, wancan uwar manhaja.

A 1980 IBM ya ga cewa ƙananan kamfanoni suna cin kasuwar da ya raina, ya ƙuduri fito da tasa ƙaramar kwamfutar cikin shekara guda. Lokacin bai isa ya ƙera komai da kansa ba, sai ya sayi ƙwaya daga Intel, ya nemi manhaja a waje. A watan Agusta wakilansa suka je wa Gates, shi kuwa ya tura su wurin Kildall. Ranar da suka isa Kildall ya tuƙa jirginsa ya tafi wani aikin kamfani, matarsa kuma da lauyansu suka yi jinkirin sa hannu a takardar alkawarin riƙe sirri wadda IBM ya gabatar, saboda sun ga ta ɗaure ɓangare ɗaya kawai. Riwayoyi sun saɓa game da abin da ya biyo baya a ranar, amma an haɗu a kan cewa ciniki bai faɗa ba: Kildall yana son la'ada a kan kowane kwafi, IBM yana son biya sau ɗaya, kuma CP/M ta sabuwar ƙwayar ba ta kammalu ba.

Wakilan suka koma wa Gates, wanda ba shi da uwar manhaja ko ɗaya. Amma Allen ya san wani injiniya a Seattle, Tim Paterson, da ya rubuta wata mai bin tsarin umarnin CP/M. Microsoft ya karɓi lasisinta a kan dala 25,000, daga baya ya saye ta ɗungurungum a kan dala 50,000 a Yulin 1981, ba tare da kamfanin da Paterson ke wa aiki ya san cewa IBM ne babban mai sayen ba. A Nuwambar 1980 aka sa hannu tsakanin IBM, mai ma'aikata sama da 300,000, da Microsoft, mai ma'aikata kimanin 40. Gates bai matsa a kan yawan kuɗi ba. Abin da ya riƙe shi ne haƙƙin mallaka da ikon sayar da manhajar ga wasu kamfanoni, IBM kuma ya amince, domin a ganinsa riba tana cikin ƙarfe.

Ranar 12 ga Agustan 1981 kwamfutar IBM ta fito, daga dala 1,565. Kildall ya yi ƙorafin cewa an kwaikwayi aikinsa, Paterson kuwa ya dage cewa tsarin umarni kawai ya bi, rubutun nasa ne. Don kauce wa shari'a IBM ya yarda ya sayar da manhajojin biyu, amma ta Microsoft a kan dala 40, ta Kildall a kan dala 240. Masu saye ba su yi wata-wata ba. Daga nan sai abin da Gates ya hango ya auku. Tun da sassan na'urar na kasuwa ne, wasu kamfanoni, Compaq a kan gaba tun daga 1983, suka ƙera irinta ba tare da keta doka ba, kowannensu kuma sai ya biya Microsoft. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sannu a hankali IBM ya rasa ikon kasuwar da sunansa ya gina, har ya sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga kamfanin Lenovo na ƙasar Sin a 2005. Kildall ya sayar da kamfaninsa a 1991, ya rasu a 1994 yana da shekara 52, bayan ya daɗe yana jin ciwon labarin da ake yayatawa cewa ya tafi shawagi ya bar arziki a ƙofar gida.

Ko a cikin gidan Microsoft burin bai bar zumunci lafiya ba. Gates ya riƙe kashi 64 na kamfanin, Allen kashi 36. Allen ya kamu da ciwon daji a 1982, ya bar aiki a 1983, kuma a littafin tarihin rayuwarsa na 2011 ya ce ya taɓa jin Gates da Steve Ballmer suna shawarar yadda za a rage masa kaso yana cikin jinya.

TAKARDA TA UKU: XEROX, APPLE DA MICROSOFT

Duk kwamfutocin da aka ambata, sai an buga musu umarni da haruffa. Hanyar da aka saba da ita daga baya, ta nuna ɗan hoto da linzami a danna, ta fito ne daga wani wuri. Douglas Engelbart ya nuna linzamin kwamfuta a bainar jama'a a Disambar 1968, sa'an nan cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto ta gina na'urar Alto a 1973, mai tagogi da linzami. Shugabannin Xerox, waɗanda arzikinsu ke cikin injin kwafar takarda, ba su san abin da za su yi da ita ba. A 1979 suka karɓi damar sayen hannun jarin Apple na dala miliyan ɗaya, suka bar Jobs da injiniyoyinsa suka shiga cibiyar a watan Disamba, duk da adawar ɗaya daga cikin masu binciken, Adele Goldberg. Xerox ya fito da tasa a 1981 a kan kimanin dala 16,000, ba ta yi kasuwa ba. Apple ya gyara dabarar, ya sauƙaƙa ta, ya fito da Macintosh a Janairun 1984 a kan dala 2,495. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Microsoft na cikin masu rubuta wa Macintosh manhajoji, don haka ya ga sirrinta tun ba ta fito ba. Da ya ba da sanarwar Windows a Nuwambar 1983, Jobs ya kira Gates ya zarge shi da cin amana. Wani injiniyan Apple da ke wurin, Andy Hertzfeld, ya ruwaito cewa Gates ya amsa da misali: su biyun suna da maƙwabci mai arziki, Xerox, shi ya shiga gidan don ya ɗauke talabijin sai ya tarar Jobs ya riga shi.

A 1985 rikici ya ɓarke a cikin Apple tsakanin Jobs da John Sculley, wanda Jobs da kansa ya ɗauko daga kamfanin Pepsi a 1983. Hukumar daraktoci ta goyi bayan Sculley, Jobs ya bar kamfanin da ya kafa a watan Satumba. Bayan wata biyu, cinikin Macintosh yana tangal-tangal, Apple kuma yana tsoron kada Microsoft ya daina rubuta masa manhajoji, sai Sculley ya sa hannu a takarda ta uku. Microsoft ya amince cewa siffofin Windows sun samo asali daga na Apple, ya yi alkawarin ci gaba da inganta manhajar Word ta Macintosh. Apple kuma ya ba shi lasisin amfani da waɗannan siffofi, kyauta, ba iyakar lokaci, a manhajojinsa na lokacin da masu zuwa. A tunanin Apple fitowar farko ta Windows kawai ake nufi. Da ya kai ƙara a 1988, kotu ta duba abubuwa 189 da ya lissafa, ta ce lasisin ya rufe 179 daga cikinsu, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da faɗuwar Apple a 1994. Xerox ma ya kai Apple ƙara a 1989, aka yi watsi da ita. A 1997, da Jobs ya dawo ya tarar da kamfanin a bakin rami, Microsoft ne ya zuba masa jarin dala miliyan 150.

RESHEN TAKARAR A INGILA

An yi makamanciyar wannan takara a birnin Kambirij na Ingila, kuma ƙarshenta ya ƙara fito da batun lasisi fili. Chris Curry ya yi wa Clive Sinclair aiki shekara goma sha uku, sa'an nan ya fita ya kafa kamfanin Acorn tare da Hermann Hauser a 1978. Sinclair ya fito da ZX80 a 1980 a kan ƙasa da fam ɗari, amma da gidan rediyo da talabijin na BBC ya nemi kwamfutar da zai koyar da jama'a da ita, Acorn ne ya sami kwangilar a 1981. Gaba ta yi tsanani har a Disambar 1984 Sinclair ya kai wa Curry duka da naɗaɗɗiyar jarida a wata mashaya, saboda wani talla da ya muzanta ingancin na'urorinsa. Ba a jima ba kasuwa ta juya wa dukansu baya: kamfanin Olivetti na Italiya ya ceci Acorn a 1985, Sinclair ya sayar da sashen kwamfutocinsa ga Amstrad a 1986. Amma a 1985 ɗin nan injiniyoyin Acorn, Sophie Wilson da Steve Furber, suka kammala wata ƙwaya mai ƙarancin cin wuta, ARM. Kamfanin da aka kafa dominta a 1990 ya zaɓi sayar da lasisin zanen ga masu ƙerawa, ta haka zanen ya shiga kusan kowace wayar hannu, har da waɗanda ake ciniki a kasuwannin Kano da Maraɗi.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, takara ta amfani mai saye: cikin shekara goma kwamfuta ta tashi daga akwatin fitilu mai riƙe haruffa 256 ta koma abin aikin ofis da makaranta. Na biyu, burin da ya kawo wannan amfani ya ci abota da amana, tsakanin Jobs da Wozniak, da Gates da Allen, da Sinclair da Curry, kuma ikon da Microsoft ya tara ya kai gwamnatin Amurka ta maka shi a kotu a 1998, aka same shi da laifin danne abokan gogayya. Aƙidar 'yan Homebrew ma ba ta mutu ba: Richard Stallman ya farfaɗo da ita a 1983, Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991, a kanta kuma aka gina Android.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar ɗalibi da ma'aikacin gwamnati. Roberts da shugabannin IBM da Sculley ba wawaye ba ne, kuma duk suna da lauyoyi. Kowannensu ya auna takardar da ke gabansa da buƙatar ranar: Roberts yana son na'urarsa ta sayu, IBM yana son cika wa'adin shekara guda, Sculley yana son ceto cinikin bana. Wanda ke ɗaya gefen teburin kuwa yana tambayar wanda zai mallaki abin bayan shekara goma. Ma'aikatu da jami'o'i da bankuna suna sa hannu a irin waɗannan takardu duk lokacin da suka sayi tsarin biyan albashi ko na rajistar ɗalibai ko na tattara haraji. Farashi yakan ɗauke hankalin kwamitin bayar da kwangila, alhali manyan tambayoyin suna can cikin ƙananan layuka: wane ne mai manhajar, wane ne mai bayanan da aka zuba a cikinta, kuma in an raba gari da ɗan kwangila, da me hukuma za ta fita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne kafin a sa hannu.